Malam Kumatu Ya Sake Buɗe Baki

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Isufu, wanda yaran da suka tashi da kallon tele suka fi sani da muryar Malam Kumatu. Kowace kaka idan lokacin ya zagayo, da hawaye nake tuna shi. Bana kuwa, ku yi mini afuwa, da dariya na ɗauki alƙalami. Ina da labarin da ya ƙi zama a ciki.

Ga wanda bai riske shi ba, Malam Kumatu ɗan tsana ne mai kan duma, da rawanin tsumma, da gemun gashin akuya, da kumatu kamar ya cika baki da goro. Isufu kan ɓuya ƙarƙashin tebur ya zura hannu cikin rigarsa, ya yi masa murya ta hanci. A bakinsa yara suka koyi wanke hannu, suka koyi cewa ba a yi wa mai in'ina dariya. Mu a Gangara, filin lekol, wato makarantar boko, muke taruwa gaban tele guda mai aiki da batir. Idan Malam Kumatu ya yi sallama, innarmu sai ta amsa da ƙarfi, “Lafiya lau, Isufu! Ka dai ci abinci?”

Da gawayi ya fara, a jikin rumbu. Ya taɓa zana maƙwabcinmu Baba Ari tare da jakinsa, ya yi musu leɓe iri ɗaya. Babanmu ya bi shi da tsumagiya, amma shi ma dariya ta hana shi gudu. Da ya girma ya tafi Yamai, zanensa na barkwanci ya riƙa fitowa a jarida. Don in karanta ƴan kalmomin da yake sa wa a ƙasan zanen na shiga ajin yaƙi da jahilci, da goyo a bayana.

Abin da masu kallo ba su sani ba shi ne, ba sassaƙa kan Malam Kumatu ake yi ba. Rainonsa ake yi a gona. Kowace damina Isufu kan zo gida, mu zaɓi ɗan duma tun yana kamar ƙwan zabo, mu ɗaure shi da tsumma nan da can. Inda aka ɗaure ya lotsa, inda aka bari ya kumbura ya zama kunci, gajeren wuyan kuma ya zama hanci. “Talatu,” yakan ce mini, “icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma ki riƙa sassautawa yana girma, shi ma numfashi yake yi.” Zafin fitilun gidan tele yakan tsaga kan, don haka kullum ana bukatar sabo. Shi yana Yamai, ni ina nan ina yi masa raino. Irin ma ba na kasuwa ba ne, na kakarmu ne, mai kaurin baya.

Bayan rasuwarsa na ci gaba da shuka, amma na daina ɗauri. Zuciyata ba ta ba ni. Tsohon kan ya tsage a akwati. Aka yi shekarun ƙarancin ruwa, ɓeraye kuma suka shiga tulun iri, abin da ya rage bai rufe tafin hannuna ba. Ana haka sai ɗiyata Hadiza, wadda ke koyarwa a Ollelewa, ta zo hutu ta ce, “Inna, yaran ajina ba su san Kawu ba. Ki yi mini kai, ni zan yi murya.” Na ɗauko ɗan irin da ya rage na duba. Na san idan wannan irin ya mutu a ƙasa, to Malam Kumatu ya bi mai shi ke nan.

Na shuka a bayan rumbu, na kewaye da ƙaya. Tushe ɗaya ya rayu, ya yi ƴaƴa uku. Ɗan fari, akuya ta zura kai ta cinye. Na biyu, zumuɗi ya sa na matse shi fiye da kima, ya ruɓe a hannuna. Saura auta. Safe da yamma ina tsugune a gabansa, ina sassauta tsumma, ina yi masa magana kamar jinjiri. Maigidana ya leƙo wata rana ya ce, “Talatu, ko ina ango ban samu irin wannan kulawa ba.” Na ce, “Malam, ai kai kumatunka sun riga sun fito.” Mai haƙuri, aka ce, yakan dafa dutse. Auta ya ƙosa, ya bushe, ga kumatu nan tantsan-tantsan!

Nakan tambayi kaina me Isufu zai ce da zamanin nan, da kowane yaro ya sunkuya kan waya shi kaɗai. Na san zai yi gunaguni, don shi dariyar taro yake so, irin wadda ke kamuwa daga wannan yaro zuwa wancan. Amma na san halinsa. Kafin gunagunin ya huce, ya riga ya cusa Malam Kumatu cikin wayar.

Makon jiya aka yi wasan, da hantsi, a filin lekol ɗin Ollelewa. Hadiza ta ɓuya bayan zanena na ɗaurawa da muka rataye. Kai ya leƙo a hankali, ya yi atishawa kamar yadda ya saba, ya ce, “Wa ya cinye mini tuwo ina barci?” Yaran ba su san amsar ba. Sai daga bakin shinge, maza masu gemu da suka tsaya kallo suka haɗa baki, “Ba mu ba ne, Malam, duba kumatunka!” Wayyo, jama'a! Wuri ya kece da shewa. Na ga wani makiyayi yana share ido da bakin rawani. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, me ya sa hancinka ya karkace?” Gaskiya ta faɗa, ɗaurina ya zame hagu. Hadiza ta amsa ta hanci, “Ƴata, shekara goma sha ɗaya na kwanta a kansa.”

Kaset ɗin wasanninsa ban san inda suke ba. Jaridun kuwa, da yawansu an ƙunshe ƙosai da su tuntuni. Abin da ya saura shi ne amsar nan da ta kwana a bakin mutane har suka yi furfura, ba wanda ya tuna musu. Sai kuma wannan: ranar da na fafe kan, irin da ya zubo ya cika hannuna biyu. Rabinsa na ba Hadiza, na nuna mata yadda ake sassauta ɗauri.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa ka huta. Sauran irin yana cikin gora, na zuba toka na toshe, na rataye inda ɓera ba ya kaiwa. Ruwan fari kawai muke jira.