Shayin Gayya

Ni ba ɗan ƙungiyarsu ba ne, ƙanena ne a ciki. Abin da ya haɗa ni da su wani ɗan littafi ne da aka ce in mayar musu da shi Hausa, don ni malamin makaranta ne, kuma a garinmu in dai maganar takarda ce, malamin makaranta jakin kowa ne.

Ƙanen nawa ya fara shan tiramol a wajen ƙwadago, tun muna ƙauyenmu na yankin Kakangi. A lokacin ba wanda ya kira abin shaye-shaye. Yaro mai ƙwazo, haka ake ce masa. Yakan yi huɗar mutum uku kafin azahar, ya dawo gonar mahaifinmu ya ɗora, rumbu ya cika, mu yi ta sa masa albarka. Sai da ya fara faɗuwa a tsakar gida yana kumfar baki, ya fara yi wa Inna tsawa don ta tambaye shi ko ya ci abinci, sannan muka ce ƙwaya ta lalata mana yaro. Da 'yan bindiga suka tashe mu muka dawo cikin Birnin Gwari, ya taho da halinsa. An yi masa rubutu ya sha, an kai shi asibiti, an yi faɗa, an yi lallashi. Na gaji. Gajiyar ta kai in aka yi sallama a ƙofar gida sai na tsaya na saurari muryar tukuna kafin in amsa.

Wanda ya ja shi cikin ƙungiyar wani dattijo ne ɗan Gbagyi, mai injin niƙa a bayan kasuwa, kowa Baba yake ce masa. Shi burkutu ce da ogogoro suka kusa kai shi ƙasa a shekarun da ya yi a Kaduna. Duk Talata bayan la'asar yakan kashe inji, ya kaɗe garin da ke kan bencin rumfarsa, mutane su sulalo ɗai-ɗai kamar masu kawo niƙa. Akwai Musulmi, akwai Kirista, manoma ne da 'yan acaɓa, har da wani Bafulatani da shanunsa suka ƙare. Ba mai wa'azi a cikinsu, ba mai ba da magani. Kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, saura su saurara, abin da aka faɗa a rumfa kuma a rumfa ake barinsa.

Littafin, Baba ne ya taho da shi daga Kaduna, da Turanci, bangonsa ya tafi tuntuni. Ya ce mini wasu mashaya ne a wata ƙasa mai nisa suka gane mashayi ya fi jin maganar ɗan'uwansa mashayi, da suka yi yawa har ba sa iya isa ga juna, sai suka rubuta labaransu don na nesa ya samu. Shekara da shekaru da baki yake fassara musu, ya karanta layi ɗaya ya yi bayanin goma. Da idonsa ya yi rauni ne aka neme ni. Na rubuta, aka buga, aka yi fotokwafi, aka yi wa fotokwafin fotokwafi har baƙaƙen suka koma kamar sawun tururuwa. Ashe ma rabinsu ba sa karatun boko. Sai aka sa ni na karanta shi duka a waya, suna tura wa juna a memori. Daga baya su ma suka fara ɗora nasu labaran a bayan muryata, ba sunan mutum, ba sunan gari. Yau in ka kunna, karatuna ɗan kaɗan ne a farko, saura duk muryoyinsu ne, da kukan akuya a bayansu, wani lokaci da kiran salla daga nesa. Ƙanena ya gaya mini yawancinsu tsallake ni suke yi. Na ce masa ba komai, amma na ɗan ji haushi.

Tun ina fassarar nake ganin wuraren da littafin bai san mu ba. Ya ce in sha'awar ta taso maka ka kira ɗan'uwanka a waya, mu kuwa akwai lokacin da aka datse mana sabis gaba ɗaya. Wannan ma ƙarami ne. Mutanen cikin littafin sha suke yi su kasa aiki, a kore su. Mu a nan sha ake yi don a iya aikin. Tun da daji ya lalace, ba mai zuwa gona yadda ya ga dama. Sai ranar da aka sami rakiyar jami'an tsaro da 'yan sa-kai, a fita da hantsi, kafin la'asar a ce kowa ya hau mota. Aikin mako guda ake so mutum ya yi a wuni ɗaya. Na tambayi Baba me littafin ya ce a kan wannan.

"Malam, ai su ba su noma a bakin daji," in ji shi. "Wannan mu ne za mu nemo."

Abin da suka nemo gayya ce, irin ta iyayenmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da kaka ta yi, suka shirya cewa duk ranar da aka sami rakiya, gaba ɗayansu za su taru a gonar mutum ɗaya su karye masa masara, don kada wani ya tsaya shi kaɗai a gaban gona har ya tuna da ƙwaya. A lokacin ƙanena ya yi watanni bai sha ba. Ya ɗan murmure, yana zama ya ci tuwo da mu, ƙaramar 'yata ta daina ɓuya in ya shigo. Ban sakankance ba, don na sha ganin irin wannan ya rushe. Amma dai na fara amsa sallamarsa ba tare da jinkiri ba. A tsarinsu, gonar wani ɗan ƙungiyar da ke wajen Kusasu za a fara yi, sannan ta mahaifinmu. Daga gonar nan kuwa gidana da ɗakin Inna da shi kansa muke ci, don albashin malami sai dai a rufa asiri.

Gayyar Kusasu ta faɗo ranar Asabar, ba makaranta, sai na bi su in ranta musu hannu kafin tamu ta zo. Mai gonar yana da wani baffa, tsoho mai son a ce ya iya karamci. Shi ya zo da manyan fulas na shayi a bayan babur, da biredi. Muka sha tun kafin a fara. Ya ji sukari da citta da kanumfari, yana da ɗan ɗaci a ƙarshe, na ɗauka ganyen ne ya yi yawa.

Ba a daɗe ba na ji bayana ya saki. Ni da alli ne kawai nauyin da na saba ɗauka, sai ga ni ina karya masara ina jifa, ina ɗaga buhu, har da waƙa. Rana ta take, ban ji ta ba. Ganyen masara ya yanke mini hannu, sai da na ga jini na sani. Kowa raha yake yi. Kafin azahar gona ta ƙare. Na juya in yi wa ƙanena tsiya, in ce yau malami ya kayar da manomi, sai na gan shi tsaye da goyon masara a hannu, yana sosa hanci, idonsa a kan fulas ɗin nan. Ko ranar da aka tashe mu daga ƙauye ban ga tsoro irin wannan a fuskarsa ba.

Baba bai sha ba, saboda ciwon suga. Ya ɗiga sauran a murfin fulas ya taɓa da harshe, ya tofar, ya kira tsohon.

"Me ka sa aka zuba a shayin nan?"

"Abin da ake zubawa mana," in ji tsohon, yana mamakin tambayar. "Ni zan tara wa ɗana mutane gayya in ba su shayi lami, a ce na yi rowa? Ce wa mai shayi na yi na 'yan gona ne, ya yi shi da kyau."

Ba mugunta ya yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da mugu ne, da na sami wanda zan zaga in huce. Ɗan nasa bai taɓa gaya masa irin mutanen da za su zo ba, don dokar rumfa ta hana a tona sirrin wani. A hanyar dawowa muna zaune a kan buhunan da suka cika tun da sauran rana.

Ni ciwon kai da tashin zuciya na yi, washegari na warware. Su kuwa an tada musu abin da ya yi barci. Baba ya gaya mini Talatar da ta biyo baya ko benci ɗaya bai cika ba. Wasu sun ce tunda ƙwayar ta riga ta shiga jiki, a ƙarasa kaka da ita, a tuba bayan girbi. Wasu kunya ce ta hana su zuwa, don tun kurɓar farko sun gane, suka shanye, suka miƙa kofi aka ƙara musu. Ƙanena ya je. In ya dawo gida sai ya zauna a gindin katanga da waya a kunne, yana gumi, bai iya zama wuri ɗaya ba, bai kuma yarda ya fita shi kaɗai ba, don hanyar masallaci ma ta gaban masu sayarwa ta bi. Sai in raka shi, in dawo da shi, kamar farkon tubansa. Na ji gajiyar nan ta dā ta dawo ta zauna mini a kafaɗa.

Aka ce Asabar ta gaba za a yi rakiya ɓangaren gonarmu, ba kuma wanda ya san ko za a sake yi a shekarar. Waɗanda suka yi alkawarin zuwa gayyarmu ba su kai yatsun hannu ɗaya ba.

Ana gobe za a tafi, bayan la'asar, Inna ta kira ni ɗakinta. Innar da ta yi shekaru tana kuka a kan sallaya saboda yaron nan. Tana murza bakin zanenta ta yi magana.

"Na ce, ba za a bar shi ya sha ko ta gobe kawai ba? In aka kwashe masarar sai ya koma wajen mutanen nasa."

Na so in yi faɗa. Na san abin da ya rage mana a buhu. Na kuma san abin da kofi ɗaya yake yi, a jikina na san shi yanzu. Na ce mata Allah zai rufa asiri, na fito. Yana tsakar gida yana cika buta. Bai ɗago ba, ni ma ban tsaya ba.

Washegari ni da shi ne, da Baba da gwiwarsa mai ciwo, da mutum biyu daga rumfa. Abin haushi, masarar ta yi kyau a shekarar, wani karan goyo biyu. Muka shiga. Wannan karon na ji ranar, na ji kowane yankan ganye, kafin hantsi ya ɗaga bayana ya ƙage. Ƙanena yana gabana, yana yi yana tsayawa ya dafa gwiwa. Wanda ya san shi a dā ba zai yarda shi ne ba.

A gonar maƙwabcinmu 'yan ƙwadago ne ke aiki kamar inji, ɗaya daga cikinsu kuwa da shi aka sha shayin Kusasu. Wajen azahar ya tsallako, ya ce sannunmu da aiki, ya dubi abin da ya rage mana, ya girgiza kai. Sai ya matsa kusa da ƙanena ya buɗe masa tafin hannu, da ƙwaya a ciki. Tausayi ne ya kawo shi, a idonsa na gani. Baba yana can ƙarshen gona bai san abin da ake ciki ba. Ƙanena ya juyo ya kalle ni. Ni kuwa masarar nake kallo, kunya bayan kunya har bakin daji.

"Je ka kawai," in ji ƙanena. "Allah ya ba da sa'a."

Muka ci gaba a hankali, har direba ya fara danna hon, 'yan sa-kai suna ɗaga hannu a fito. Ko rabi ba mu yi ba. Sauran tana tsaye, ta bushe, ta sunkuyar da kai, mun kuma san wanda zai ci ta ba mu ba ne. Ƙanena ya kama buhu zai ɗaga, ya kasa, ya zauna a kan kunya.

"Yaya, iya ƙarfina ke nan," ya ce. "Wanda kuka saba gani ba nawa ba ne."

Na ce masa ya tashi, za a tafi a bar mu.

"Ka gaya wa Inna ta yi haƙuri. Na so in yi mata."

Na ɗauki buhun na kai mota, na dawo na ɗaga shi.