Neman Warƙar Malam daga Ƙaura zuwa Zurmi

Alhamis: Ƙaura zuwa Shinkafi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fita daga gida, ko karin kumallo ban tsaya yi ba. Inna ce ta tashe ni tsaye. Yanar ido ta rufe mata idanu biyu, likita a Gusau ya sa ranar Litinin don yin aiki, ita kuwa ta ce ba inda za ta sai an karanta mata addu'ar da mahaifina, Malam Garba, yake yi mata duk lokacin da ta kwanta ciwo.

Malam ya rasu bara, ya bar kundi cikin gafakar fata: warƙoƙi ne barkatai, ba ɗinki. Wasu addu'o'in ya kwaso su wurin malamai, wasu kuma ya ce a mafarki aka ba shi. Ni malamin makaranta ne mai son a nuna masa shafi, kuma na sha gaya masa cewa ban ga waɗannan a littafi ko ɗaya ba. Ba ya musu da ni, sai dai ya yi murmushi. Da na zazzage gafakar ban sami warƙar addu'ar ba. A gurbinta akwai 'yar takarda da sunan wanda ya ara: Alhaji Mande na Shinkafi.

Mota ta cika tun shida, amma direba ya zauna yana shan shayi. Na ce masa rana tana yi.

"Malam, hanyag ga ba a yi mata gaggawa," in ji shi. "Sai motar hwarko ta iso daga can, mu ji lahiya, kana mu tahi."

Bakwai da kwata ta iso, muka tashi. Shinge huɗu na ƙirga, a biyu aka sauke mu aka duba kaya. Tara da rabi muka shiga Shinkafi, ranar kasuwa, gari ya cika maƙil.

Na sami Alhaji Mande a rumfarsa ta hatsi. Da na faɗi sunan Malam sai ya kama hannuna ya ƙi saki, ya sa aka kawo fura da nono mai sanyi. Sai da na shanye sannan ya yarda na faɗi abin da ke tafe da ni.

"Ayya, ɗana, ai ba ta nan. Na kwahe ta, na miƙa ma Malam Jaɓɓi na Zurmi. Haka muka yi, wanda yab biɗa shi aka ba."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce to ya ba ni wadda ya kwafa. Ya ce Inna za ta shafa takardar ta gane ba ta mijinta ba ce, kuma gaskiyarsa. Ya hana ni juyawa da yamma, na kwana a zaurensa bayan tuwon dawa da miyar kuka. Ko naira bai bari na kashe ba.

Juma'a: Shinkafi zuwa Zurmi

Takwas na safe muka tashi. Sai da na sake biyowa ta Ƙaura, na sauya mota a tasha ba tare da na leƙa gida ba, don ban iya shiga wa Inna hannu wofi. Da muka wuce Dauran, gero ya yi kai a gonaki, wasu gonakin kuma ciyawa ce kawai, masu su sun ƙaura. Sha biyu da rabi muka isa Zurmi.

Bayan an sauko daga masallaci wani mai kayan miya ya nuna mini gidan. Malam Jaɓɓi Bafulatani ne, dattijo siriri, wanda rashin zaman lafiya ya raba shi da rugarsa. Ya buɗe jakarsa a hankali ya zaro warƙar. Rubutun mahaifina ne, da jan tawada a gefe. Sai da na juya fuska na share ido.

Ina karantawa na kai tsakiya, sai ga layi guda fari fat, ba ko ɗigo. Na zaci mantuwa ce, na ce ko zai cike mini daga abin da ya sani.

Ya yi dariya. "Ashe ba ka san aikin ubanka ba. Ba a rubuta addu'a duka. Ana barin makulli, shi wanga baki da baki aka bada shi, tare da izini."

"To ka ba ni, Baffa."

"Da ina da shi. Sau ukku ina roƙo nai, yac ce ya riga ya aje shi inda ya dace."

Kwana biyu a hanya, ga Litinin tana matsowa, kuma abin da na samu ragagge ne. Har na yi tunanin in karanta in tsallake gurbin, tunda Inna ba ta gani. Na kwana a wurin Malam Jaɓɓi, da safe ya ɗura mini man shanu a kwalba ya ce na Inna ne.

Asabar: Gida

Goma da kwata na yi sallama. Inna tana kan tabarma a inuwar ɗaki. Ta karɓi warƙar ta shafa gefenta da yatsa, ta ce ita ce, in karanta.

Na fara karantawa. Da na iso gurbin na kasa tsallakewa. Na ce, "Inna, a nan Malam bai rubuta komai ba, kuma ban sami mai shi ba."

"Matso da kunnenka," in ji ta.

Ta raɗa mini kalmomi bakwai, ta sa na maimaita sau uku, ta ce ta ba ni izini kamar yadda aka ba ta. Na tambaye ta, tunda tana da shi, me ya sa ta bar ni na bi wannan hanya mai haɗari.

"Sauran ban hardace ba, shi kaɗai Malam yab ba ni. Kuma cewa yay yi kada in ba ka sai ranad da kab biɗe shi da ƙahwakka. Na ji tsoron in shiga ɗakin aikin ga in tahi da shi."

Na karanta mata addu'ar cikakkiya, ranar Litinin aka yi aikin. Da aka cire auduga ta dube ni ta ce na rame. Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Alhaji Mande da Malam Jaɓɓi da suka karɓe ni saboda mahaifina, da direban da ya ƙi jin gaggawata. Har yau ban ga addu'ar a littafi ba. Na mayar da warƙar cikin gafaka, kuma layin nan na bar shi fari yadda na same shi.