Goyon da Kawu ya gani a talabijin

Na dawo daga karatu da ra'ayin cewa ba a sanin mutane ta gilashin talabijin. Ƙanen mahaifiyata ne ya sa na sassauta.

Kawu gyaran talabijin yake yi a wani ƙaramin shago da ke ƙasan benen da suke haya. Duk wadda ya gyara sai ya bar ta a kunne, ya ga ko za ta sake ɗaukewa. Ta haka fina-finan Koriya suka shigo masa, yana riƙe da ƙarfen liƙi yana satar kallo. Da farko mamaki kawai yake sha, yadda suke cire takalmi a ƙofa, yadda yaro ke miƙa wa babba kofi da hannu biyu. Ya ce wa matarsa ashe akwai masu tarbiyya a can ma.

Wata rana a wani fim ya ga wani magidanci cikin kwat ya durƙusa a bakin titi, tsohuwarsa ta hau bayansa, ya miƙe da ita. Kawu ya saki baki har dalma ta ɗiga masa a yatsa. Namiji da goyo, a gaban jama'a, kuma ba wanda ya ko waiwaya!

A lokacin Inna, mahaifiyarsa, ta daɗe ba ta sauko daga bene ba saboda ciwon gwiwa. Ga yayarta kwance a asibiti, jiki ya yi tsanani, tana ta nemanta. Maƙwabta sun kawo shawarar a ɗauko ta a kujera, ta ce ita ba gawa ba ce da za a yi mata ɗaukar mutum huɗu.

Kawu ya kashe talabijin ɗin, ya hau sama, ya durƙusa ya ba ta baya.

"Kai, furfurar taka ta banza ce? Tashi kafin a gan ka."

"Inna, hau. Yayarki tana jira."

Sai ta nemi a miƙo mata mayafi, ta hau. Da suka fito, mai shagon kusa ya tsaya da tsintsiya a hannu, matan bene suka leƙo ta tagogi, matar Kawu ta rufe baki da tafi. Wani ya tambaya ko a kawo zanen goyo. Kawu bai kula shi ba sai da ya sauke ta a kujerar mota. Ta sami yayarta da rai, har suka gaisa.

Daga baya na tambaye shi abin da Inna take raɗa masa a kunne suna saukowa, don kowa ya ga bakinta yana motsi.

"Faɗa take yi mini," in ji shi. "Wai duk goyon da ta yi mini, ba ta taɓa gwara kaina da ƙofa ba."