Sista Sosamma da Hannun Chirutha

Sosamma Ittira 'yar mai gonar kwakwa ce daga wani ƙauye na bakin ruwa a Kerala. Tana da shekara goma sha bakwai ta shiga aikin jinya, a lokacin da ake ganin yarinyar da ke wanke jikin baƙo ta zubar da mutuncin gidansu. Turawan mishan ne suka koyar da ita. Da suka tafi a 1952, ita ce 'yar ƙasa ta farko da aka damƙa wa makarantar jinya ta asibitin garinmu. Ɗalibai goma ta gada, da allo guda, da ƙwarangwal marar hannun hagu.

Dokarta ɗaya ce: aikin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Ɗaliba za ta ƙirga bugun jijiya minti guda cur, ta rubuta nan take, ta sa sunanta.

A shekararta ta uku ta ɗauki Chirutha, 'yar Pulaya, mutanen da ke noma mana shinkafa amma ba ma shan ruwa daga hannunsu. Kwamitin asibiti ya yarda da sharaɗi: duk ranar da dangin majinyaci suka kawo ƙara a rubuce, yarinyar ta bar makaranta. Tun daga ranar Sosamma ta daina cin abincin rana a zaune. Da ta ga mutanen babban gida sun shigo, sai ta yi ta zarya a baranda.

Mu muka shigo asibitin a watan Yuli na 1955, da 'yata Ambujam, mai shekara takwas. Taifot ce. Likita ya hana abinci, sai ruwan shinkafa, cokali biyu kowane minti goma sha biyar. Chirutha aka ba jinyarta.

Mahaifiyata daga sunan kawai ta gane 'yar Pulaya ce. Ta tare Sosamma a bakin ƙofa.

"Sista, duk asibitin nan an rasa 'yar mutane?"

"Amme," in ji Sosamma, wato Mama a yarenmu, "'yan mutane goma gare ni. Wannan ce kaɗai ba ta taɓa kuskuren ƙidaya ba."

Sosamma ba ta sauya ta ba.

Rana ta sha tara, da hantsi, Chirutha ta lura zafin jiki ya faɗi, bugun kuma ya tashi daga casa'in da shida zuwa ɗari da talatin. Mu muna murna zazzaɓi ya sauka, ita ta ruga kiran likita. Jini ne ya ɓalle a hanji. Ambujam ta rasu da la'asar.

Mahaifiyata ta ce hannun Chirutha ne ya jawo. Ta ce tunda ni ne malamin kwaleji, in rubuta ƙarar. Labari ya kai kwamiti kafin in ɗauki alƙalami, suka aiko cewa takardata suke jira.

Muna cikin kwanaki goma sha shida na makoki, waɗanda baƙo ba ya shiga gida, sai ga Sosamma a bakin shinge, cikin ruwan sama. Ba ta roƙe ni ba. Ta ajiye takardun awon Ambujam a kan dutse, ta ɗora lemarta a kai, ta ce, "Malam, ka karanta kafin ka rubuta." Ta juya tana jiƙewa.

Na karanta. Lissafi nake koyarwa, don haka na bi layi-layi ina neman giɓi. Babu cokali ɗaya da ya makara. Layin ƙarshe ma an cike shi da lokaci da suna, sai dai rubutun ya karkace.

Na rubuta wa kwamiti jimla biyu, na ce ba ni da ƙara. Mahaifiyata ta yi wata huɗu ba ta yi mini magana ba.

Chirutha ta gama a 1957. Sosamma ta riƙe makarantar har 1971, ta ɗauki wasu 'yan Pulaya shida, kuma a kan kowacce kwamiti ya maimaita mata sharaɗin nan.