Macijin da Na Saka a Gonar Gyaɗa

Ƙarya ɗaya na yi da safiyar wata Asabar, ina aji huɗu a firamare, kuma har yau ba ta sake ni ba. Ranar za mu je kwaso gyaɗar da muka tuge muka shanya a gona, ni kuwa yaran Gangaren Tudu sun sa ni gola a wasan ƙwallonmu da 'yan Sabon Gari. A gidanmu duk wanda ya yi mafarki, Kaka yake kai wa tun kafin ya sha koko. Sai na marairaice na durƙusa gabanta, na ce na yi mafarki maciji ya sare ni a cikin gyaɗa. Da na ga ta ajiye ludayi, sai na ƙara masa tsawo har wutsiyarsa ta kai titin Abuja, na ba shi kai kamar turmi.

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta tofa mini addu'a, ta ce wa Baba, "Yau ko akuyar gidan nan ba za ta taka gona ba." Baba ya ce, "Inna, hadari fa nake gani." Ta ce, "Gyaɗa ka haifa ko yaro?" Nan take ta kama kazarta mai wake-wake, wadda take kira Hajiya, ta bayar sadaka. Ni kuma ta zaunar da ni a tabarmarta wuni guda, tana taɓa goshina kamar mai duba tuwo. Ko ƙurar ƙwallon ban gani ba.

Da la'asar ruwa ya sauko, ya yi kwanaki bai ɗauke ba. Baba ya dawo daga gona da gyaɗa a tafin hannu, duk ta tsiro, ya ajiye a bakin ƙofa. Tun daga nan macijin ya fara zuwa mini a barci da gaske, da kan nan nasa kamar turmi, ba ya sara, kallona kawai yake yi.

Yanzu ina sakandare, malaminmu ya ce abin da zuciya ta wuni da shi, shi take juyawa a mafarki. Ban yi masa musu ba. Ƙannena har yau suna kai wa Kaka nasu da safe, ni kuwa nakan wuce da kokona ina jin kewar tabarmar nan. Ita kuma duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin mafarkin da ya ceci jikanta.

Ban taɓa faɗa mata ba. Gyaɗar shekarar nan ko ta miya ba mu samu ba.