Ranar da Muka Tuge Jigon Baffa

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da 'yan talabijin suka zo lambunmu na albasa a bayan Aliero. Har yau in na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai, sannan kunya ta biyo baya.

Saura kwana uku aka ce mana za a zo ɗaukar manoman albasa. Kai, murna! Na yi aski, na kai babbar rigata guga, sai ka ce da babbar riga ake ban ruwa. Ni da yayana muka aro injin ban ruwa har huɗu muka jera a bakin fadama. Biyu ma ba sa tashi, amma wa zai gane a hoto?

Abu ɗaya ya tsaya mana a rai: jigon Baffa, ƙanen mahaifinmu. Duk fadamar shi kaɗai ya rage yana ɗibar ruwa da doguwar sandar nan mai guga a gaba da curin laka a gindi. Muka ce in duniya ta ga wannan ai mun shiga uku, za a ce ba mu waye ba. Sai ga sa'a, ranar ta zo daidai da sunan jikansa a Maiyama. Yana tafiya da safe muka tuge jigon, muka cusa cikin ciyawa.

Da hantsi baƙi suka iso. Shugabarsu, wata mata mai fara'a, ko kallon injinanmu ba ta yi ba. Ta ce, "Sannunku da aiki. Ina dattijon nan mai jigo? Shiri muke yi kan noman rani irin na kakanni, an ce nan kaɗai ya rage."

Jama'a! Yaya ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya figi mashin sai Maiyama, ni kuwa na jawo sanduna ina kici-kicin kafawa. Ashe abin da muka raina ko ɗaura shi ban iya ba. Gwajin farko sandar ta fizge ni, santsi ya kwashe ni, sai ga ni tsundum cikin ruwa da babbar riga. Mai kyamara har da riƙe ciki.

A haka Baffa ya same ni, ko hannu bai wanke ba daga naman suna. Ya ce, "Mi kunka yi ma jigona?" Na ga idonsa ya kaɗa ya yi ja, na ce yau zai juya ya bar mu da baƙi. Can ya nisa. "Taso, ɗan nema, riƙa min nan." Kafin ka ce kwabo jigo ya miƙe, ruwa ya bi kwari yana sheƙi.

Matar ta tambaye shi wa zai gaje shi. Ya ce, "Ni ubana ya koya min. Su ko waɗanga, tugewa sunka iya." Kowa ya fashe da dariya, ban da ni.

Da aka nuna shirin, Baffa ne daga farko har ƙarshe. Injinanmu ko ɗaya bai fito ba, ni kuwa bayana kawai aka gani, a jiƙe sharkaf. Washegari na je na durƙusa na ce ya koya min, ya kuwa koya min da zagi da komai.

Baffa ya rasu, Allah ya jiƙansa. Injin nake amfani da shi, amma duk rani sai na kafa jigon da hannuna, 'ya'yana na riƙe min. Ranar ce ta koya min cewa ba baƙo ne ke fara shafe tarihin mutane ba, ɗan gida ne da ya ji kunyar abin gidansu.