Naman da Ya Ƙi Rawa

Shekarar da aka turo maigidana koyarwa a Tawa, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kuma gari ba ya cikin daɗi. Kullum rediyo maganar wasu mutane take yi da suka ƙetaro iyaka da bindigogi, da masu ɓoye su a cikin gari ƙungiya-ƙungiya. Da Faransanci ana ce wa irin wannan ƙungiya selil. Ni ƴar ƙauyen Bambai ce, lokacin ban san ko harafi ɗaya ba, amma kalmar ta zauna mini a kunne, don duk wanda aka liƙa masa ita mota ke zuwa ɗaukarsa.

Mun kama haya a gidan wata tsohuwa, muna ce mata Inna. Ban taɓa ganin mai son shara irinta ba. Da zarar Malam ya yi baƙi, sai tsintsiya ta kawo ta bakin ƙofarmu, ta yi ta sharar wurin da na riga na share. Tun makon farko ban yarda da ita ba.

Ban daɗe ba na fara zargin Malam ɗin kansa. Yau ya ce in tsiyaya masa ruwan toka, gobe ya ɗebe mini gishirin miya, jibi ya dawo daga mahauta da mafitsarar akuya a hannu. Mutumin da ke sa takalmi sau-ciki, ana ce masa mushe, wato malamin boko, a lakwal, makarantarsu, me zai yi da mafitsara in ba tsubbu ba? Bayan la'asar manyan ɗalibansa kan zo, su zagaye wani kwano a tsakar gida, su sunkuyar da kai. Rannan ina tankaɗe na ji kalmar ta fito daga bakinsa. Ya maimaita ta, sannan ya juya Hausa ya ce musu, "Kwance take lamo, amma a ɗane take. Alama ɗai taka jira."

Na waiga, ga Inna da tsintsiyarta.

Da suka watse na tare shi. "Malam, mi kaka yi da ɗiyan mutane? Da kunnena ni ji ka kana hwaɗin selil. In kashe kanka za ka yi, maishe ni gidanmu tukuna."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Ya ce, "Ke ma da selil anka gina ki, tun daga kai hat ƙahwa."

Ya zaunar da ni ya nuna mini kwanon. Ruwan rijiya ne a ciki, da mafitsarar a ɗaure, cike da ruwan toka. Ya ce in ɗanɗana ruwan kwanon. Na yamutsa fuska na taɓa da harshe, sai na ji ɗacin toka, alhali mafitsarar ba ta huje ba. Ya ce haka gishiri yake, in ya yi yawa a wuri ɗaya sai ya ratsa zuwa inda yake kaɗan. Ya ce naman jiki ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, su ne selil, kowanne da tantani siriri ya rufe shi. A ciki gishiri irin na toka ya fi yawa, a waje irin na miya. Tantanin yana barin na toka ya zurara waje kaɗan-kaɗan, amma ya tare na miya. Kowace ƙwayar gishiri kuma tana ɗauke da ɗan kuran, wato lantarki, don haka ciki da waje suke bambanta kamar kai da gindin pil, batirin tocila. Ko mutum yana barci, ɗakunan nan a ɗane suke. Da jijiya ta ba da alama, ƙofa ta buɗe, na miya ya kwararo ciki, nama ya motsa. Muddin ɗakin yana da rai, yana ta kwarfe gishirin da ya shigo, don bambancin ya tsaya.

Na ce masa ban yarda ba. Da safe ya ja ni mahauta, ya karɓi tsokar cinyar sa da ɗuminta, ya barbaɗa mata gishiri. Naman ya kama rawa a kan tebur, yana tsuma kamar mai jin sanyi. Na yi salati na ja da baya. Mahaucin kuwa sai kallon Malam yake ta ƙasan ido yana wasa wuƙa. Shi ma na sa shi cikin waɗanda ban yarda da su ba.

Na roƙi Malam ya sake wa abin suna. Ya ce sunan da ke cikin littafi ke nan.

Ba a yi nisa ba masu kaki suka zo da hantsi suka tafi da shi bariki. Na bi su da ƙafa. Ta taga na ji ajidan, babbansu, yana maimaita masa maganganunsa daidai da yadda ya faɗe su: ɗakunan da ido ba ya gani, masu shiga da masu fita, ana kwance lamo ana jiran alama. Wanda ya kai maganar bai zubar da ko kalma ɗaya a hanya ba. Malam ya yi bayani har muryarsa ta dushe. A ƙarshe ya ce a kawo ɗanyen nama da gishiri, zai nuna. Ajidan ya ce to, gobe da safe. In nama ya yi rawa ya tafi gida, in bai yi ba akwai motar Yamai.

Kafin a yanka san farko ina mahauta. Na karɓi tsokar tana tururi, na rufe a kwano, na ruga. A bakin bariki aka ce ajidan ya tafi gaida kwamanda, in jira. Na zauna gindin bango, ina leƙa kwanon ina rufewa. Da ya dawo aka ce yana da baƙi. Na roƙi mai gadi, na ce abin nan ba ya jira. Ya dube ni ya ce, "Mi ab ba ya jira?" Sai na kama bakina, don na ga yadda maganar za ta koma. Rana ta take, ajidan ya tafi cin abinci, daga nan ya kwanta. Har yau ban sani ba ko mantuwa ce, ko wani ya gaya masa sirrin naman.

Sai bayan la'asar aka kira ni. Malam ya buɗe kwanon, ya taɓa naman da bayan yatsa, na ga fuskarsa ta faɗi. Ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga ya huce. Ɗakunan sun mutu, ciki da waje sun zama ɗaya. A bari hag gobe a kawo sabo."

Ajidan ya ce, "Ashe naman ma sai an ba shi alama? Barbaɗa mu gani."

Ya barbaɗa. Muka zuba ido mu duka, har masu kakin da ke bakin ƙofa. Ƙuda ya sauka a kan naman ya tashi. Malam ya ƙara gishiri har ya yi fari. Ko gezau.

Da na koma gida Inna ta tarye ni da kuka, ta kawo mini fura. Ban sha ba. Ko ita ce, ko mahaucin, ko ɗaya daga cikin ɗaliban da na sha dafa wa wake, ban gano ba, kuma na gaji da auna fuskokin mutane. Malam ya dawo daga Yamai daga baya, a rame, haƙoransa na gaba babu. Lissafi ya koma koyarwa, kuma kalmar nan ba ta sake fita daga bakinsa ba har ya bar duniya.

Akwai abin da ban taɓa ba shi labari ba. Washegarin ranar da mota ta tafi da shi, ƙafata ta kai ni mahauta da sassafe ba tare da na shirya ba. Na kawo tsokar gida, na ajiye a faifai, na barbaɗa mata gishiri. Ta yi rawa, ta yi rawa sosai, ta daɗe tana yi, ni kaɗai a ɗaki ina kallo ina hawaye. Sai na ji ƙarar tsintsiya a bakin ƙofa, na yi maza na kifa kwano a kai.